A ina dokar Newton take tsayawa, kwantom ta karɓa?

Ɗaliba_AjiƊaya:
Assalamu alaikum malamai da yayyena na wannan zaure. Ina aji ɗaya a jami'a, fannin fiziks. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Shekara uku muna haddar dokokin Newton a sakandare, da su muka ci jarrabawa. Yanzu malaminmu ya shigo aji ya ce idan aka je kan elektiron waɗannan dokokin ba sa aiki, sai kwantom. To dutsen da na jefa ai atom ne suka taru suka yi shi, kuma kowane atom da elektiron a cikinsa. Ta yaya dutse zai bi doka ɗaya, abin da aka gina shi da shi ya bi wata? A ina iyakar take? Na biyu, don Allah a gaya mini gaskiya, wane lissafi ne ya zama dole in riƙe kafin mu nutsa cikin kwantom? Ina tsoron in ci gaba da hadda babu fahimta.

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Newton kuskure ya yi, Einstein ya zo ya gyara. Duniya ta daɗe da wuce wurin, manhajar sakandare ce kawai ba a sabunta ba.

Malam_NaSakandare:
Ɗan'uwa, ka yi gaggawa. Shekara goma sha tara ina koyar da waɗannan dokokin, ba na jin daɗi in ji an ce kuskure ne. Newton ya wallafa su a 1687. A 1846 wani Bafaranshe, Le Verrier, ya lura duniyar Yuranos tana ɗan kauce wa hanyar da lissafi ya shata mata. Ya zauna da alƙalami da dokar Newton ya ce akwai wata duniya a wuri kaza tana jan ta. Ya aika wasiƙa Balin, a daren da wasiƙar ta isa aka ɗora na'urar hangen nesa aka ga Neftun kusa da inda ya nuna. Dokar da ta gano duniya sukutum tun ba a gan ta ba, ba a kiranta kuskure. Tana da iyaka ne kawai.

Sannan ka haɗa abu biyu. Gyaran da Einstein ya yi wa Newton na gudu mai kusantar gudun haske ne da kuma jan nauyi mai tsanani, kamar 'yar karkatar hanyar duniyar Makyuri da ya warware a 1915. Wannan ma masana suna lissafa shi cikin fiziks na gargajiya, wato kilasikal. Kwantom wata ƙofa ce daban, kuma ita 'yata take tambaya.

Sarkin_Gardama:
Na karɓi gyara a kan Einstein, Malam. Amma iyaka da kuskure ai ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Malam_NaSakandare:
Ba ɗaya ba ne. Je bakin rijiya ka saki dutse, ka ƙirga. Idan sakan biyu ya yi kafin ka ji ƙara, zurfi shi ne rabin 9.8 sau 2 sau 2, mita 19.6. In kana son ka ƙure, ka cire lokacin da ƙarar ta ɗauka tana hawowa, tunda sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan, sai ka samu kusan mita 18 da rabi. Zura guga ka auna igiyar. Na yi wannan da ɗalibaina a rijiyar bayan makaranta, abin da muka samu bai yi nisa da lissafi ba. Babu kwantom ko ƙwaya a nan, kuma ba a buƙatarta.

Ɗan_Maƙera:
Ni ban yi jami'a ba, a maƙera na tashi, amma ina bin zauren nan. In an saka ƙarfe a wuta ana zuga, da farko baƙi ne, sai ya yi ja mai duhu, sai ja kamar garwashi, sai ruwan goro, sai rawaya, in an matsa ya koma fari-fari. Mahaifina da launin yake sanin lokacin cirewa, ba ya kuskure. An taɓa gaya mini wai daga wannan abin kwantom ta samo asali. Gaskiya ne ko an faɗa ne don in ji daɗi?

Dakta_Zazzau:
Gaskiya ne ƙwarai, Baba, ba don ka ji daɗi aka faɗa ba. Ƙarshen ƙarni na 19 a Jamus an auna hasken da abu mai zafi yake fitarwa, launi bayan launi, a kowane mataki na zafi. Awon ya fito tsaf. Da aka ce lissafin gargajiya ya bayyana shi, sai ya gaza. Lissafin cewa yake yi yawan hasken zai yi ta hauhawa ba iyaka yayin da ake matsawa wajen shuɗi da abin da ke gaba da shuɗi. Da haka ne, ko garwashin murhu da ya ƙona mai kallonsa. A Disamba 1900 Max Planck ya kawo mafita a Balin. Ya ce a ɗauka makamashi ba ya fita kamar ruwa daga buta, yana fita ne ƙulli-ƙulli, kuma girman kowane ƙulli shi ne E = hf. Wannan ƙullin shi ake kira kwantom. Wannan f yawan kaɗawar hasken ne a sakan guda, h kuma lamba ce da ba ta canzawa, 6.626 × 10⁻³⁴. Ƙullin shuɗi ya fi na ja tsada, shi ya sa ƙarfenka yake fara biyan ja, sai zafi ya ƙaru yake iya biyan sauran launukan, su haɗu su ba da fari.

Ɗaliba, ki riƙe wannan h ɗin. Amsar tambayarki ta farko tana cikinta.

Ɗan_Maƙera:
Allahu Akbar. Na gode Dakta. Zan gaya wa yaran maƙera.

Hajiya_Lissafi:
Bari in ɗora daga inda Dakta ya ajiye, don na fi son a ga lamba da ido. Ƙanwata, ɗauki biro.

A 1924 Louis de Broglie, ɗalibi mai neman digiri na uku a Paris, ya ce duk abin da ke tafiya yana da ɗabi'ar igiya, irin ta ruwa ko ta haske, kuma tsawon zangonta shi ne h a raba da nauyi sau gudu. Bai ce elektiron kaɗai ba. Komai ya ce.

Ɗauki ƙwallon ƙafa, kilo 0.43, an buga ta tana tafiyar mita 20 a sakan. Nauyi sau gudu 8.6 ke nan. Raba h da 8.6, za ki samu kusan mita 7.7 × 10⁻³⁵. Furoton da ke tsakiyar atom faɗinsa wajen mita 10⁻¹⁵ ne, kin ga zangon ƙwallon ya gaza shi sau 10¹⁹. Babu na'urar da za ta hango wannan.

Yanzu ɗauki elektiron, kilo 9.11 × 10⁻³¹, yana tafiyar mita miliyan ɗaya a sakan. Yi lissafin nan dai. Za ki samu kusan mita 7 × 10⁻¹⁰. Atom kuwa faɗinsa wajen mita 10⁻¹⁰ ne. Wato zangon elektiron ya kai girman gidan da yake ciki, har ya fi.

To kin ga doka ɗaya ce ta hau kansu su biyun. Babu katanga. A kan ƙwallo tasirin ya ƙanƙance har ya ɓace, abin da ya rage shi ne Newton. A kan elektiron tasirin shi ne komai. Duk lokacin da kike shakka, ki kwatanta zangon da girman wurin da abin yake motsi.

Ɗaliba_AjiƊaya:
Na yi lissafin biyun, Hajiya, sun fito yadda kika ce. Wallahi wani nauyi ya sauka daga kaina. Amma kalmar "tsawon zango" ce ban saba da ita ba.

TsohonMaiRediyo:
'Yata, mu da muka girma da rediyo mun san ta. In mai gabatarwa ya ce ana kama mu a kan mita 16 da 19 da 25 da 31 gajeren zango, tsawon igiya ɗaya yake faɗa, daga tudu zuwa tudu. Haske da igiyar rediyo gudunsu ɗaya, kusan mita miliyan 300 a sakan. Raba da 31, ki samu kaɗawa kusan miliyan 9.7 a sakan, shi ya sa a fuskar rediyo mita 31 take zaune tsakanin 9 da 10. Shekara talatin ina gyaran rediyo kafin wani yaro ya nuna mini wannan rabawar.

Injiniya_Sola:
Madalla da wannan zare. Ni aikina ɗora farantin sola a rufin mutane. Kusan kowane kwastoma yana zaton zafin rana ne ke ba da wuta. Ina gaya musu da zafi ne da watan Afrilu farantin zai fi ƙarfi, alhali zafi rage masa ƙarfi yake yi. Haske ne, kuma ƙulli-ƙulli kamar yadda Dakta ya ce. Silikon da ake yin farantin da shi yana buƙatar ƙulli mai kusan elektiron-bolt 1.1 (ma'aunin ɗan ƙaramin makamashi ne) kafin elektiron ya ɓalle ya yi aiki. Wanda bai kai ba, ko sun taru sun yi yawa, ba su tsinana komai. Wannan ne aka ba Einstein kyautar Nobel a kansa.

Dakta_Zazzau:
Ƙaramin gyara, Injiniya. Abin da Einstein ya bayyana a 1905, aka ba shi kyautar 1921 dominsa, shi ne haske yana fizge elektiron daga fuskar ƙarfe ya fita waje gaba ɗaya. A farantinka elektiron ba ya fita, yana haurawa ne zuwa wani mataki a cikin silikon ɗin. Dangi ne na kusa, tushensu ɗaya, amma a jarrabawa kada ɗaliba ta haɗa su.

Injiniya_Sola:
Na gode, ranka ya daɗe. Na ƙaru.

BaKatsine_92:
Ni fa har yanzu maganar igiyar nan ba ta shige ni ba. Elektiron yana da nauyi, an auna. Abu mai nauyi ƙwaya ne. Igiya kuwa motsi ne na wani abu, kamar ruwan tafki in an jefa tsakuwa. To mene ne yake kaɗawa a elektiron? Kada a ce mini a yarda kawai.

Dakta_Zazzau:
Tambaya ce mai kyau, kuma ba za a ce ka yarda kawai ba. Fara da abin da aka gani. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka harba elektiron kan ƙarfen nikel, suka ga suna dawowa da yawa ta wasu kusurwoyi, ta wasu kuma kaɗan, daidai yadda igiya take yi, kuma zangon da suka samu ya dace da lissafin de Broglie. Wani abin sha'awa, J. J. Thomson ya gano elektiron a matsayin ƙwaya a 1897, ya karɓi Nobel a 1906. Ɗansa G. P. Thomson ya karɓi tasa a 1937 saboda ya nuna elektiron yana yin ɗabi'ar igiya. Uba da ɗa, kuma dukansu da gaskiyarsu.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne gwajin Tonomura da abokan aikinsa a Hitachi ta Japan, 1989. Suna sakin elektiron ɗaya bayan ɗaya, akwai hanya biyu da zai iya bi kafin ya isa allo. Kowane ɗaya yana sauka a matsayin ɗigo guda, cikakke, ba rabi ba. Ɗigo goma, ɗari, kamar an watsa gero. Da suka kai dubbai sai zane ya fito, layi mai cika, layi wayam, layi mai cika. Akwai wuraren da elektiron yake sauka in hanya ɗaya ce a buɗe, amma in an buɗe ta biyu sai ya daina sauka a nan. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. An ƙara ƙofa, masu isowa sun ragu.

Abin da ke kaɗawa, amsar Max Born ta 1926 ita ce wata lamba da muke kira ψ, wadda idan ka ninka girmanta da kansa take ba ka yiwuwar samun elektiron a wurin. Ko ψ abu ne da ke wanzuwa a zahiri ko kuwa lissafin saninmu ne, masana ba su daidaita ba har yau.

BaKatsine_92:
An ƙara ƙofa masu isowa sun ragu. Yiwuwa ai ba ta zama ƙasa da sifili. Ta ina raguwar ta shigo?

Hajiya_Lissafi:
Nan ne ainihin inda lissafin biyu suka rabu, kuma ɗan aji uku na sakandare zai iya binsa. A lissafin yau da kullum, in abu zai iya faruwa ta hanya biyu, ka tara yiwuwar biyun. Hanya ta farko 1, ta biyu 1, jimla 2, ko'ina. A kwantom ba yiwuwa ake fara tarawa ba, ψ ake tarawa, sannan a ninka jimlar da kanta. Ita kuwa ψ tana iya zama da alamar ɗebewa. A wani wuri 1 da 1 su ba da 2, a ninka, 4. A wani wurin 1 da −1 su ba da sifili. Ga layinka mai cika, ga wayam. Ka lura matsakaicin 4 da 0 shi ne 2, ba a yi asarar elektiron ko ɗaya ba, rabon ne ya sauya.

A cikakken lissafin ψ ba ta tsaya kan tarawa da ɗebewa ba, lamba ce mai ɗauke da i, wadda in ka ninka ta da kanta take ba da −1. Ka ɗauke ta kamar hannun agogo, tana da tsawo tana da inda ta fuskanta. Hannu biyu in sun fuskanci wuri ɗaya su ƙarfafa juna, in sun ba wa juna baya su kashe juna.

Sarkin_Gardama:
To ai shi ke nan, an zo wurin. Na ga bidiyo da yawa suna cewa da zarar mutum ya kalli elektiron sai zanen ya ɓace. Ke nan tunanin ɗan Adam ne yake ƙirƙirar abin da ke faruwa. Kimiyya ta tabbatar.

Dakta_Zazzau:
Rabin farko gaskiya ne, rabi na biyu ƙari ne. In aka saka abin da zai nuna hanyar da elektiron ya bi, zanen yana ɓacewa. Amma "kallo" a nan ba idon mutum ba ne. Na'ura ce, ko ƙwayar haske ɗaya da ta ci karo da shi ta tafi da labarin hanyarsa. Ko kowa ya tafi gida ya bar na'urar tana aiki da dare, sakamakon ɗaya ne.

Ummu_Khadija:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya same mu. Bara wasu suka zo unguwarmu da wata 'yar na'ura da kwamfuta, suka ce injin kwantom ne. Ka riƙe wani ƙarfe minti ɗaya, sai a buga maka takarda mai shafi da yawa, wai an duba hanta da ƙoda da jini da ƙashi. Mahaifiyata ta biya, aka ce tana da ciwon ƙoda, aka sayar mata da magunguna masu tsada. Sati biyu ba ta barci saboda damuwa. Da muka kai ta asibiti aka ɗebi jini, ƙodarta lafiya lau. Raina ya ɓaci sosai, har yanzu in na tuna sai in ji zafi. Malamai, akwai kwantom a cikin wannan abin?

Nas_Maryama:
Babu, 'yar'uwa. Sannu, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ba a sanin aikin ƙoda sai an gwada jini da fitsari. In ana neman na'urar asibiti da ta dogara da kwantom da gaske, ita ce MRI, wadda take aiki da ɗabi'ar furoton na haidurojin da ke ruwan jiki a cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Ita kuwa ɗaki guda take ci, ba a yawo da ita a jaka.

Malam_NaSakandare:
Wannan ne dalilin da ya sa tambayar 'yata ta biyu ta fi ta farko muhimmanci a wurina. Wanda ya san kwantom da baki kawai, kowa zai iya sayar masa da kalmar. Mu koma kan lissafin.

Dogo_Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu da Faransanci muka yi karatun, amma alamomin ɗaya ne. Shawarata ga ƙanwata, kada ki yi tsalle. Aljabra tukuna, har ki iya juya ƙa'ida ba tare da kin tsaya tunani ba. Sai sayin da kosayin, domin duk wata igiya da su ake rubuta ta. Sai kalkulas. Mutane suna jin tsoron sunan, alhali tambaya biyu ce kawai, yaya saurin canzawar abu a wannan lokacin, kuma in na tara ƙananan canje-canje me zan samu. Dutsen rijiyar Malam ya isa misali. Nisan da ya faɗa 4.9t² ne. Ki ɗauki saurin canzawarsa, 9.8t, gudunsa ke nan. Ki sake ɗauka, 9.8, ƙaruwar gudun ke nan, wadda in kin ninka da nauyi take ba ki ƙarfin da ke jan sa. F = ma da kuka haddace tambaya ce ta kalkulas, an ɓoye muku ne kawai. Ƙa'idar Schrödinger ta 1926 ita ma irin wannan ce, ki ba ta ψ ta yanzu ta gaya miki ta anjima.

Hajiya_Lissafi:
Na yarda da Dogo, amma ya bar wanda ni na fi ba wa muhimmanci, wato matiriks, lambobin da aka jera layi-layi cikin tebur, da bekta, abu mai tsawo da inda ya fuskanta. Na ga ɗalibai da yawa sun iya kalkulas amma kwantom ta gagare su saboda wannan. A lambobin da muka saba, 3 sau 5 daidai yake da 5 sau 3. A matiriks AB ba dole ya zama BA ba. Kowace mace ta san wannan a aikace, a surfa gero sannan a niƙa daban yake da a niƙa sannan a ce za a surfa. Heisenberg ya ci karo da wannan a 1925 a tsibirin Helgoland, bai ma san sunan abin ba, Born ne ya gane matiriks ne. Wuri da gudu a kwantom haka suke, wanda ka fara da shi yana sauya amsa, kuma bambancin gwargwadon h ne. Daga nan dokar rashin tabbas ta 1927 ta fito.

Ga ta a lamba. In ka tsare elektiron a cikin mita 10⁻¹⁰, rashin tabbas na gudunsa ba zai gaza kusan kilomita 580 a sakan ba. Shi ya sa ba ya iya kwanciya shiru a kan tsakiyar atom. Lissafin gargajiya cewa yake yi elektiron mai kewaya tsakiya zai zubar da makamashinsa ya faɗa ciki cikin kusan sakan 10⁻¹¹. Ƙanwata, dutsen da kike jefawa Newton ne yake faɗin inda zai sauka, amma kasancewarsa dutse mai tauri da bai ruguje ba, wannan aikin kwantom ne.

Dogo_Damagaram:
Ban musa ba Hajiya, amma a jeri ni dai kalkulas zan sa gaba. Wanda bai warware matsalar lilo da ta sifirin da hannunsa ba, matiriks zai zame masa wata haddar.

Hajiya_Lissafi:
A nan mun saɓa, Malam Dogo. Gwajin hanya biyu da juyin elektiron, wato ɗabi'arsa ta ɗan ƙaramin maganaɗisu, ana iya koyar da su da matiriks mai layi biyu kafin a taɓa kalkulas. Na gwada da ɗalibai, sun fi saurin kamawa.

MaiGurmi:
Ni makaɗi ne, ɗana ne yake karanta mini zaren. Ya ce in faɗi abin da na gaya masa. Tsirkiya in an ɗaure ta sama da ƙasa, ba kowane amo take bayarwa ba. Tana da nata, in kana son wani sai ka danna ka rage tsawonta.

Dakta_Zazzau:
Baba MaiGurmi, da za ka shigo ajina da na ba ka allo. Tsirkiyar da aka ɗaure baki biyu ba ta karɓar igiya sai wadda ta zauna daidai, rabi ɗaya, rabi biyu, rabi uku, babu ɗaya da kwata. Elektiron da atom ya tsare haka yake, shi ya sa makamashinsa yake hawa-hawa kamar matakala. Haidurojin matakinsa na ƙasa elektiron-bolt −13.6 ne, kuma in elektiron ya sauko daga mataki na uku zuwa na biyu yana fitar da jan haske mai zangon nanomita 656 (nanomita ɗaya bisa biliyan na mita ne). Malam_NaSakandare zai ji daɗin wannan, wanda ya fara gano ƙa'idar waɗannan layukan a 1885, Balmer, malamin makarantar 'yan mata ne a Basel ta Suwizalan. Sai 1913 Bohr ya kawo dalilinta.

Malam_NaSakandare:
Na ji daɗi kuwa. Gobe zan faɗa wa 'yan ajina.

Abu_Sumayya:
Tambaya ta tsakani da Allah. In kwantom ta ce ba a iya sanin inda elektiron zai sauka sai dai yiwuwa, wannan bai ci karo da imani da ƙaddara ba?

Admin_Zaure:
Malam Abu Sumayya, tambayar tana da nauyi, amma dokar zaure ita ce mas'alar aƙida a kai ta wurin malamanta. Abin da fiziks yake magana a kai shi ne iyakar abin da awo da lissafi za su iya hasashe. A tsaya nan don Allah.

Dakta_Zazzau:
Ta ɓangaren fiziks kawai zan ƙara. Einstein kansa bai gamsu da zancen yiwuwa ba, ya rubuta wa Born haka a 1926, kuma a 1935 shi da Podolsky da Rosen suka kawo hujjar cewa bayanin bai cika ba. A 1964 John Bell ya nuna ana iya raba gardamar da gwaji. Gwaje-gwajen Clauser da Aspect da Zeilinger, waɗanda aka ba Nobel a 2022, sun goyi bayan lissafin kwantom. Kuma kada a zaci kilasikal yana ba da tabbas kullum. Yanayi dokokin gargajiya yake bi, amma ƙaramin kuskure a awon yau yana girma har hasashen sati biyu ya lalace.

Ɗaliba_AjiƊaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na gwada wani abu. Na ce tunda zango h ne a raba da nauyi sau gudu, in na rage gudun sosai ai zangon zai girma ko da abin babba ne. Na ɗauki ƙwayar gero, na ƙiyasta miligiram 10. Don zangonta ya kai milimita ɗaya, gudunta sai ya zama kusan mita 6.6 × 10⁻²⁶ a sakan. Da wannan gudun, kafin ta matsa milimita ɗaya sai ta yi sakan 1.5 × 10²². Na duba shekarun sararin samaniya, biliyan 13.8, na mayar sakan, sai na ga ta ninka su fiye da sau dubu talatin. Na yi daidai?

Hajiya_Lissafi:
Daidai kika yi, ƙanwata, kuma ba wanda ya sa ki. Na yi farin ciki sosai.

Dakta_Zazzau:
Lissafin ya yi. Akwai kuma dalili na biyu da zai hana ki ko da kina da lokacin. Ƙwayar geron ba ita kaɗai ba ce, iska tana dukanta, haske yana sauka a kanta, ita ma tana fitar da zafi. Kowane karo yana tafiya da labarin inda take, irin "kallon" da na gaya wa Sarkin_Gardama. Shi ya sa masu gwaji suke zuƙe iska. A 1999 a Biyana ta Ostiriya an samu zanen layukan nan da ƙwayar da ta ƙunshi atom 60 na kabon, daga baya aka kai ga masu atom kusan 2000. Iyakar tana matsawa duk lokacin da aka ƙware wajen keɓe abu.

BaKatsine_92:
To in iyakar tana matsawa, Dakta, kuma na'urar awon ita ma atom ce, me ya sa a ƙarshe ɗigo ɗaya muke gani a wuri ɗaya? Wa ya zaɓi wurin? Bayanin iska da haske ya nuna mini dalilin ɓacewar zane, bai nuna mini dalilin zaɓin ba.

Sarkin_Gardama:
Abin da nake ta nufi ke nan tun farko.

Malam_NaSakandare:
A'a, kai cewa ka yi Newton ya yi kuskure, sannan ka ce tunani ne yake ƙirƙira. Tambayar BaKatsine daban ce.

Dakta_Zazzau:
Daban ce, kuma ka taɓo inda ake kira matsalar awo. Mutanen Bohr suna da amsarsu, masu bin Bohm suna da tasu tun 1952, masu bin Everett tun 1957, kuma dukansu lamba ɗaya suke bayarwa a gwaje-gwajen da muka ambata. Ina da aji ƙarfe takwas, in na fito zan rubuta yadda kowannensu yake kallon gwajin Tonomura.

Ɗaliba_AjiƊaya:
Muna jira, Dakta. Hajiya da Malam Dogo, ni yanzu da wanne zan fara a hutun nan, matiriks ko kalkulas? Sati uku kawai gare ni.